Na tafi ta gabas, na dawo ta gabas

Tun kafin in ga jirgin da idona, tikitin ne ya fara ɗaure mini kai. An rubuta tashi daga Singafo ƙarfe 11:35 na daren Litinin, sauka a Newark, dab da birnin New York na Amurka, ƙarfe 6:00 na safiyar Talata. Wanda ya duba a gurguje sai ya ce tafiyar awa shida ce da 'yan mintoci. Amma a ƙasa kaɗan ga wani layi da ƙananan haruffa ya ce awa 18 da minti 25, ba yada zango a ko'ina. Sauran awa 12 ɗin bambancin agogo ne ya haɗiye su, domin a watan Oktoba, lokacin da na yi wannan tafiya, idan ƙarfe shida na yamma ta yi a Singafo, shida na safe ce a New York. Da sanyi ya kama, in Amurkawa suka mayar da agogonsu baya, tazarar takan koma awa 13.

Aiki ne ya zaunar da ni a Singafo na ɗan lokaci, aikin ne kuma ya tura ni wani taro na mako guda a New York. Da aka ba ni zaɓi tsakanin jirgin da ke tsayawa a hanya da wanda ke tafiya kai tsaye, ban yi dogon tunani ba. Na daɗe ina jin labarin wannan hanya, ina so in san yadda mutum ke ji idan ya zauna a kujera ɗaya aka ɗauke shi daga wannan gefe na duniya zuwa wancan.

Tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da na Newark akwai kilomita 15,344 idan aka auna ta hanya mafi kusa. Adadin bai shiga kaina ba sai da na gwada shi da girman duniyar kanta. Kewayenta a layin Ikwaita kilomita 40,075 ne, saboda haka babu garuruwa biyu a doron ƙasa da za su yi nisan da ya wuce kilomita 20,000 ko kusa da haka. In ka zarce nan, ka fara dawowa ta ɗaya ɓangaren ke nan. Ashe a zama guda zan cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na iyakar nisan da zai yiwu a yi tsakanin mutum da mutum.

Jirgin ƙirar Airbus ne, A350-900ULR, guda bakwai kacal aka ƙera wa kamfanin Singapore Airlines domin irin waɗannan hanyoyi. Da na shiga sai na ga fili ya yi yawa. Kujeru 161 ne kawai a ciki, alhali irinsa na yau da kullum yakan ɗauki mutum ɗari uku ko fiye. Dalilin nauyi ne. An gyara tankunansa suna cin lita 165,000 na mai, wato in an cika su, kowace kujera tana da fiye da lita dubu a kanta. Duk fasinjan da aka rage da jakarsa, gurbinsa mai ake zubawa. Kamfanin ya taɓa gwada wannan hanya tun 2004 da A340-500 mai inji huɗu, amma shan mai ya yi yawa, ya dakatar a 2013, sai a Oktoban 2018 ya dawo da ita da wannan mai inji biyu.

Nauyin na ji shi a jikina lokacin tashi. Jirgin ya daɗe yana gudu a kan titi, har na fara sauraron ƙarar tayoyin ina jiran su rabu da ƙasa. Da ya ɗaga kai kuma bai yi tsalle sama ba, a hankali ya riƙa hawa kamar mai ɗauke da kaya a ka yana hawan tudu. Ta taga na hango fitilun jiragen ruwa da suka yi dafifi a mashigin Singafo suna jiran layi, kowanne da haskensa a kan baƙin ruwa, har suka zama ɗigo-ɗigo suka ɓace.

Maƙwabcina a kujera wani dattijo ne mai furfura, siriri, da gilashi rataye a wuya. Mun gaisa tun a ƙasa, ya ce mini wajen 'yarsa da jikokinsa zai je, ya kuma ce shekara talatin da wani abu ya yi yana aiki a jiragen dakon kaya na ruwa, shi ne mai kula da hanya. Bayan kamar awa biyu da tashi, ya ga na ƙura wa allon da ke bayan kujerar gabana ido, ina matsa taswira ina buɗe ta. Abin da ya dame ni shi ne hancin jirgin. A taswirar da na sani tun ina makaranta, Amurka tana hannun dama, can ƙetaren Tekun Fasifik, don haka na zaci za mu miƙe gabas sak, mu bi ta kusa da Hawai mu shiga ta Kalifoniya. Sai ga shi mun nufi arewa maso gabas, muna bin gefen Filifin za mu Jafan.

Na ce, "Baba, ku da kuka san hanya, me ya sa muke yin wannan kwana?"

Ya yi murmushi, ya ɗauki lemon da ya rage a farantinsa, ya ce, "Ba ni wayar abin saurarenka, ɗana."

Ya ɗauki biro ya ɗiga alama a tsakiyar cikin lemon, inda ya fi faɗi. Ya ce wannan Singafo ce, tana zaune kusan a kan layin Ikwaita. Ya juya lemon zuwa bayansa, ya hau sama kusan rabin hanya zuwa wajen hancin, ya ɗiga wata. Wannan New York. Sai ya danne bakin wayar a kan ɗigon farko da babban yatsa, ya ce in ja ɗaya bakin zuwa ɗigo na biyu, in ja sosai har ta miƙe. Na ja. Wayar ta ƙi zama a gefen lemon inda nake so ta bi. Duk yadda na kwantar da ita ta kewaya ta ciki, da na ja sai ta zame ta haye sama, ta bi ta dab da hancin lemon ta gangara ɗaya gefen. Na sake gwadawa har sau uku, haka ta yi.

Ya ce, "To ka gani. Zare ba ya ƙarya. Taswirar bango ce ke yi."

Masu tuƙin ruwa da na sama suna kiran wannan hanya babbar da'ira, kuma ita ce mafi gajarta tsakanin kowane wuri biyu a kan abu mai siffar ƙwallo. Daga Singafo, ta ratsa ƙasar Sin da Saiberiya, ta wuce kusa da ƙololuwar arewacin duniya, ta sauko ta Kanada. Taswirar da muka saba gani kuwa, wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569, domin matuƙan jirgin ruwa aka yi ta, don su iya riƙe kusurwa ɗaya a kamfas. Wajen shimfiɗa ƙwallo a kan takarda sai ta buɗe arewa da kudu fiye da kima. Shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. A irin wannan taswira, hanyar da ta fi kowace miƙewa ita ce ke fitowa a lanƙwashe kamar baka. Ni dai a daren nan na ji haushin shekarun da na yi ina kallon duniya a shimfiɗe, ba wanda ya taɓa ba ni lemo da zare. Darasin minti biyar ne, kuma ya kamata kowane yaro ya yi shi da hannunsa.

Na ce masa, to ai mu ma ba ta kan hancin lemon muke bi ba, ga mu mun karkata dama. Ya ce ƙwarai, domin hanya mafi gajarta daban, hanya mafi sauri daban, kuma matuƙi lokaci da mai yake lissafi, ba tsawon zare ba.

Abu biyu ne suka kauce da mu. Na farko na mutane ne: tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa bi ta sararin samaniyar Rasha, wasu an hana su, wasu sun ƙaurace da kansu. Tafiyar Helsinki ta ƙasar Finlan zuwa Tokiyo da ake yi cikin kamar awa tara ta koma wajen awa 13, alhali garuruwan suna nan inda suke. Na biyu kuwa ya girmi kowace gwamnati, ita ce iska.

Can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya, akwai wasu koguna na iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Faɗinsu ɗaruruwan kilomita, tsawonsu dubbai. Suna samuwa ne a inda iska mai sanyi ta ƙarshen duniya ta haɗu da mai ɗumi ta tsakiya, juyawar duniya kuma ta karkatar da su gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 200 a awa, da sanyi wani lokaci ya haura 300. Wani masanin yanayi ɗan Jafan, Wasaburo Oishi, shi ya fara bin diddiginsu a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana auna inda suka nufa. Ya rubuta sakamakon da Esperanto, wani harshe da aka ƙirƙira don ya zama na kowa da kowa, don duniya ta karanta, duniya kuwa ba ta kula ba, sai da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da iskar a saman Jafan a 1944. Kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfin waɗannan koguna a saman Jafan ɗin yake fitowa ya shiga Fasifik. Wurinsa muka nufa, mu hau bayansa.

Na ga lokacin da muka shiga. Jirgin ya ɗan yi rawa na wasu mintoci, aka kunna alamar ɗamara, kofin ruwan da ke gabana ya riƙa kaɗawa. Daga nan komai ya lafa. A allon kuwa, lambar da ke nuna gudunmu a kan ƙasa, wadda ta daɗe tana wajen 900, ta fara hawa: 960, 1,010, har ta wuce 1,080. Ƙarar injin ba ta canza ba ko kaɗan. Jirgin yana keta iska da gudun da ya saba, iskar ce gaba ɗayanta take tafiya da mu, kamar kwalekwalen da ya bi ruwa. Ko da kilomita 150 kawai iska ta ƙara maka a awa, in ka yi awa takwas a cikinta ka samu kilomita 1,200 kyauta. Shi ya sa aka gwammace a yi kwana, a bi hanyar da ta haura kilomita 16,000, a kuma riga wanda ya bi gajeriyar isa.

Akwai wani zance da na sha ji, har ni ma na taɓa yarda da shi, wai tafiya yamma ya kamata ta fi sauri tunda duniya tana juyowa ta tarye ka. Dattijon ya girgiza kai da na faɗa. Ƙasar Singafo tana juyawa gabas da gudun kusan kilomita 1,670 a awa, amma tana juyawa ne da filin jirgin, da jirgin, da iskar da ke samansu, duka tare. Wanda ya yi tsalle a cikin jirgin ƙasa mai gudu a inda ya tashi yake dira. Abin da ke raba tafiya da dawowa iska ce kawai. Daga New York zuwa Landan akan yi awa shida zuwa bakwai, dawowa kuma bakwai zuwa takwas, a kan nisa ɗaya. A Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa mai suna Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi tafiyar cikin awa 4 da minti 56.

Barci ya ɗauke ni kaɗan. Da na farka an rufe tagogi duka, ɗakin ya yi duhu, amma wani siririn haske yana shigowa ta ƙasan marfin tagata. Na ɗaga shi kaɗan don kada in tashi mutane. Rana ta fito tas, teku a ƙasa shuɗi har iyakar gani, agogon hannuna kuwa yana cewa biyar da wani abu na asuba. Wannan rana ban taɓa ganin mai gajarta irinta ba. Muna gudu gabas muna tarye ta, ga shi kuma muna can arewa inda kewayen duniya ya tsuke, sai ta haye sama da sauri, ta karkata, kafin awa bakwai ta faɗi a bayanmu. Na ga jan faɗuwarta a kan duwatsun Alaska masu ƙanƙara, daga nan dare na biyu ya rufe mu.

A tsakiyar wannan gajeriyar rana muka tsallaka layin sauya kwanan wata, wanda ke bin tsakiyar Fasifik. Ba abin da ya motsa, ba wanda ya yi sanarwa. Amma lissafin ya burge ni har na rubuta shi a bayan tikitina: mun tashi Litinin, bayan minti 25 muka shiga Talata, muka yi rabin yini a cikinta, muka koma Litinin da rana tsaka, sannan a saman Kanada muka sake shiga Talata. Da na nuna wa dattijon ya ce a jirgin ruwa sukan yi wannan tsallake a hankali har mai dafa abinci ya san da shi, domin ko dai ya dafa na rana ɗaya sau biyu, ko rana guda ta ɓace masa daga kalanda.

Wajen awa ta goma sha biyu jiki ya fara magana. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya matse, leɓɓana sun bushe, idanu suna yaji. Iskar cikin jirgi ba ta da laima, kuma ko da yake an ce ta wannan jirgin ta fi ta tsofaffin jirage sauƙi, domin ana riƙe ta kamar mutum yana kan dutse mai tsawon mita 1,800 ne, awa 18 ba wasa ba ce. Na tashi na nufi baya, inda ma'aikata ke shirya abinci, na sha ruwa, na tsaya ina miƙe ƙafa. Mutum huɗu ko biyar na tarar a can, kowa yana jujjuya wuya, ba mai magana da ƙarfi. Wata ma'aikaciya ta ce mini matuƙa huɗu ne a jirgin, biyu suna aiki biyu suna barci a wani ɗan ɗaki mai gadaje, suna karɓar juna. Su ma ma'aikatan haka suke yi.

Ita ce kuma ta sa na lura da lambar tsayi. Da muka tashi, jirgin bai iya hawa can ƙoli ba saboda nauyin mai. Yana ƙona man yana sauƙi, matuƙan suna neman izini su ƙara hawa mataki-mataki, domin a sama iska ta fi siranta kuma injin ya fi tsimi. Na koma kujera na duba: mun fara a wajen ƙafa 33,000, yanzu muna 41,000. Jirgin da zai sauka a Newark ya fi wanda ya tashi daga Changi sauƙi da tan ɗari ko kusa da haka, duk ya ƙone a hanya. Wani ɓangare na man ma ba don tafiyar aka ƙona shi ba, don ɗaukar sauran man ne zuwa inda za a buƙace shi. Wannan ne ya sa doguwar tafiya irin wannan take da tsada ga kamfani, kuma gaskiya ya sa na yi shiru na ɗan lokaci ina tunanin hayaƙin da mutum 161 muka bari a sama a dare ɗaya.

Dattijon bai yi barci sosai ba. Da muka wuce Alaska ya nuna mini birninta Anchorage a taswira, ya ce a zamanin da Tarayyar Sobiyet ta rufe samaniyarta, nan jiragen Turai masu zuwa Jafan suke sauka su sha mai, garin ya zama mararraba ta duniya. Ya ce shi a jirgin ruwa, daga Singafo zuwa New York ta mashigin Suwez, wata guda suke yi ko kusa da haka, kuma jiki ba ya ruɗewa, domin kowane kwana biyu ko uku ake matsa agogo da awa ɗaya. Na tuna abin da na karanta game da farkon hanyar Sidni zuwa Landan a 1947, lokacin da jirgin kamfanin Qantas na Ostireliya yake kwana huɗu a hanya, yana sauka a Darwin, Singafo, Kalkata, Karachi, Alƙahira da Tarabulus. Kafin nan ma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai jiragen da ke tashi daga Perth ta Ostireliya zuwa tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau, su yi awa 27 zuwa sama da 30 a sama ba sauka, fasinjojin su ga fitowar rana sau biyu. Nisan da suke yi bai kai rabin namu ba.

Mun sauka kafin lokacin da aka rubuta da kusan rabin awa, gari bai waye ba. Awa 18 da minti 25 ɗin da ke tikiti daga ture jirgi a ƙofar tashi ake ƙirga su zuwa tsayawarsa a ƙofar sauka, har da tafiyar ƙasa da jiran layi, da ɗan rarar da ake bari saboda halin iska. A wajen ɗaukar kaya muka yi sallama da dattijon. Ya miƙo mini lemon mai ɗigo biyu, sai ya tuna ba a shiga Amurka da 'ya'yan itace, ya mayar da hannu ya nemi kwandon da aka tanada. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba, a gaida jikoki." Ya dafa kafaɗata ya ce in kula da hanyar dawowa, zan ga wani abu.

Kwana uku na farko a New York jikina yana Singafo. Ƙarfe uku na rana barci ya danne ni kamar an ɗora mini dutse, ƙarfe biyu na dare idona biyu, ga yunwa. Agogon cikin jiki ba ya matsawa fiye da awa ɗaya ko biyu a yini, ni kuwa an juya mini dare da rana gaba ɗaya. A ɗakin masaukina na sake cin karo da zaren dattijon ta inda ban zata ba. Na buɗe manhajar alƙibla a waya, na ga kibiyar ta nuna arewa maso gabas, wajen digiri 58 daga arewa. A taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da New York, don haka da farko na ɗauka wayar ce ta rikice. Sai na tuna lemon. In ka ja zare daga New York zuwa Makka, ta arewacin Atlantika zai bi.

Ranar dawowa mun tashi daga Newark da hantsi, wajen goma da rabi. Na zauna ina jiran jirgin ya juya yamma ko arewa, ya bi sawun da muka zo. Sai na ga ya miƙe ta gabar Kanada ya faɗa Tekun Atlantika, hancinsa yana kallon Turai. Matuƙin ya yi magana ya ce yau ta gabas za mu bi, iska tana bayanmu. Abin da dattijon yake nufi ke nan. Komawa ta Fasifik yana nufin a yi awa da awanni ana kokawa da kogin iskar da ya kawo mu, gara a ci gaba da binsa ya kewaya da mu ta ɗaya gefen duniya, ko da hanyar ta fi mafi gajartar hanya tsawo da fiye da kilomita dubu.

Wannan karon rana ta faɗi muna tsakiyar teku, awa huɗu da wani abu bayan tashi, alhali cikina yana cewa azahar ce. Muka shiga Turai cikin dare. Na bar tagata a buɗe, na ga fitilun garuruwan Ingila da Jamus kamar an watsa garwashi, sannan duhun Bahar Aswad, sannan wasu fitilu jefi-jefi a ƙasashen da ban iya rabewa ba sai na duba allo. A kujerar da ke gefena wata mata ce da ɗanta ɗan kamar shekara bakwai. Yaron ya farka a saman Tekun Kaspiya ya tambayi uwarsa ko an kusa. Ta duba allo ta ce saura awa takwas. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko jirgin ba ya gajiya. Na ciro lemo daga farantina, na ari biro a wurin uwar, na ce, "Zo ka gani, yaro, riƙe mini nan." Ya danne wayar da ɗan yatsansa, ya ja, ta zame ta haye sama. Ya sake ja, ta sake zamewa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya ce a ba shi ya gwada shi kaɗai.

Gari ya waye mana a kusa da Indiya. Muka ratsa ta, muka shiga Tekun Bengal, inda gajimare suka yi tsiri-tsiri har jirgin ya riƙa kauce musu, muka gangaro ta gefen Malesiya. Da muka sunkuyo za mu sauka na hango jiragen ruwan nan na mashigin Singafo, yanzu da rana, jajaye da baƙaƙe, kowanne da inuwarsa a kan ruwa. Na bar su ta gabas kwana takwas da suka wuce, ga shi na iso su daga yamma. A allon, layin tafiyata da na dawowata sun haɗu sun zagaye duniya, ban taɓa juyawa baya ba ko sau ɗaya.

Tayoyi suka taɓa ƙasa, mutane suka fara kunna wayoyi, kowace tana gyara lokacinta da kanta. Na duba agogon hannuna mai allura, wanda ban taɓa murɗa shi ba tun ranar da na tashi, ko a New York, tunda awa 12 cif ce tsakani. Yana nuna biyar da 'yan mintoci, daidai da agogon bangon filin jirgin.